Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Ranar Da Inji Ya Tona Mini Asiri A Gaban Kawu

Jama'a barkanmu da wannan mako. A kashin da ya wuce na tsaya inda Kawu ya fara sakar mini kwale-kwalensa ni kaɗai, bayan na yi wata 8 ba abin da nike yi sai kwasar ruwa da gwangwani da ɗaure igiya. Ni da na taso a Tawa inda in ka ce ruwa to tabki ne ko rijiya, yau ga ni riƙe da hannun inji a kan kogin Isa a Yamai, wallahi lokacin ko gwamna bai kai ni jin kai ba.

Injin nan Yamaha Enduro ne mai doki 15, irin wanda ake gauraya mashi isansi, wato fetur, da baƙin mai, rabin lita a tanki mai lita 25, haka Kawu ya koya mini kuma ya ce kar in ƙara kar in rage. Kullum zai ba ni kuɗi ya ce in je gidan mai. To ni kuma ga 'yan ruwa-ruwa nan bakin hanya da kwalabensu sun fi araha, sai in saya wurinsu in soke canjin a aljihu, wata rana dala ɗari wata rana ɗari da hamsin, ina tarawa don in aika wa Inna. Na yi kusan sati uku a haka ba wanda ya sani.

Sai inji ya fara wani hali. In na murɗa mashi wuta yana gudu lafiya lau kamar sabo, amma da na sassauta hannu ya koma ralanti, wato yana juyawa a hankali ba a ba shi wuta ba, sai ya yi tari biyu uku ya mutu. Kuma duk wanda ya taɓa tuƙa jirgi ya san ralanti shi ne rai, da shi kake shiga gaɓa, da shi kake kauce wa tarun masunta, ba a sauke fasinja da gudu. Na je na sayi buji, wato fulogi, sababbi biyu na sa, ya yi kwana ɗaya ya koma. Na ce ko baƙin mai ne ya yi kaɗan na ƙara, ashe na ƙara wa Barno dawaki, hayaƙi ya tashi fari fat bujin suka yi baƙi ƙirin suna naso. Daga nan na samu turnabis, abin kwance sukuru, na ɗaga sukurun ralanti sama, inji ya daina mutuwa amma in na sa giya sai ka ji kwam! jirgi ya zabura har wata tsohuwa ta faɗa kan buhun gawayi ta zage ni da Zabarmanci, ban ji duka ba amma na gane ba addu'a ba ce. Dole na maida sukurun.

Ranar Laraba muka taso daga kasuwar Bubon da lodin kabewa, watan Janairu ne ruwa ya cika yana ja da ƙarfi. Mun iso daf da gadar Kennedy na rage wuta don in daidaita tsakanin ginshiƙai, inji ya ce ga garinku. Na ja igiya, shiru. Na sake ja, shiru, ruwa na ta kai mu a karkace, mata suna salati, sai da wani basarke da ke cikin fasinja ya fizgi filafili ya karkata kan jirgin muka wuce ginshiƙin da kamar kamu ɗaya. Har yau in na bi ta kan gadar zuwa unguwar Haro Banda sai na leƙa wurin.

Kafin in ɗaure jirgi labari ya riga ni gida.

Da asuba Kawu ya zo bakin ruwa da kwanon sha da wata tsohuwar kile ta kwance noti, bai ce mini uffan ba. Ya fara duba ɗan sukurun iska na murfin tanki ko a rufe yake, ya matsa robar nan ta kan tiyo har ta yi tauri, ya bi tiyon da yatsa yana neman tsaga. Duk lafiya. Sai ya kwance sukurun ƙasan karbiratar ya tara kwano. Abin da ya zubo kowa ya gani, isansi a sama, a ƙasa ƙwallayen ruwa suna birgima da wani jan gari kamar na bulo.

Ya ɗago ya dube ni. "Kai yaro, ina ka sawo isansin ga?"

Na ce gidan mai Kawu.

Ya miƙo mini kwanon ya ce "To sha, in na gidan mai ne."

Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, na faɗi gaskiya har da zancen Inna. Bai tanka ba, ya ci gaba da kwance karbiratar a kan buhu, ya ciro wasu 'yan ƙarafan tagulla biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Babban ya ce na gudu ne, raminsa da faɗi, ɗan datti yana wucewa. Ƙaramin shi ne jikiler na ralanti, ta ɗan raminsa mai ke bi in an sassauta wuta, ya ce in ɗaga shi saitin rana. Ban ga haske ba ko kaɗan, ya toshe. Na zaro allura daga hulata zan zura ya buge mini hannu, wai allura tana faɗaɗa ramin, daga nan inji ya dinga shan mai ba magani sai sabo. Ya warware wayar lantarki ya cire silin tagulla ɗaya mai laushi ya bi ramin a hankali, ya wanke da isansi mai kyau, ya hura da famfon keke, ya sake ba ni. Sai ga ɗan haske kamar ƙwayar gero, bai ma kai ba.

Muka juye tankin kaf, muka wanke matatar mai, ya goge bujin da na ɓata. Sukurun iska ya murɗa shi har ya zauna a hankali ba tare da matsawa ba sannan ya dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Na ce mu tada shi a kan sanda mu ji, ya ce a'a, injin ruwa ba a tada shi a tudu, robar famfon ruwansa ƙonewa take, kuma ralantin da ka gyara a waje ƙarya ne, sai ƙafarsa na cikin ruwa ya yi zafi an sa giya sannan ka san gaskiyarsa. Haka muka yi, ja biyu ya tashi, yana fitsarinsa na ruwan sanyaya inji ta baya yana tuk tuk tuk, Kawu ya saki hannun ya kunna sigarinsa inji bai mutu ba.

Da yamma ya ƙirga jikka biyar ya ba ni ya ce in aika wa ƙanwarsa, kuma daga gobe in koma kan gwangwani, wata guda cur. Wanda ya ba wa jirgin a madadina shi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa, labarinsa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.