Daga Maraɗi zuwa Dawanau

Na biyo motar wake daga Maraɗi zuwa Kano, kuma abin da na gani a hanya bai bar ni na yi barci ba. Kafin mu wuce Jibiya an tsayar da mu a shinge bayan shinge. Direban, wani dattijo mai haƙuri, ya riga ya ware canjinsa a aljihun gaba, yana miƙawa ba tare da ya kashe mota ba. Na ce, "Baba, haka kullum?" Ya ce ai duk wannan kuɗin a kan buhu yake komawa, mai saye a kasuwar Dawanau ta Kano shi zai biya.

Tun 1975 aka kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Legas, a 1979 aka amince mutum ya tsallaka iyaka ba biza. To ina amfanin takarda idan kaya ba sa wucewa cikin sauƙi? Mun ga abin da rufe iyaka ya yi bayan juyin mulkin Nijar na 2023: albasa ta ruɓe a cikin manyan motoci, kasuwannin Illela da Maigatari suka yi sanyi har aka buɗe a Maris 2024. Yanzu Nijar ta fice daga ƙungiyar tun Janairun 2025.

Waken nan da Katsina da Maraɗi ke nomawa zai iya gogayya a kowace kasuwa ta Afirka ta Yamma, amma tsadar hanya tana cinye ribarsa. Ni dai fatana a kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi, a kuma rage shingayen nan.