Kitse a hantar matashi: yadda nake tsara motsa jiki

Kuskurena na farko da matasa masu kitse a hanta shi ne dogaro da sikeli. Yaro zai yi wata biyu yana fama, nauyi bai motsa ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya bari. Alhali motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da nauyi bai sauka ba. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini, insulin (sinadarin jiki da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka) ya ƙara tasiri, hanta ta rage mayar da rarar sukari kitse. Wannan tasirin kwana ɗaya zuwa biyu yake yi ya dushe, shi ya sa ba na yarda a tsallake kwana biyu a jere.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Can aka dosa, amma ba daga can nake farawa ba. Makonni biyun farko tafiya da sauri ce kawai, minti 15 zuwa 20, kwana biyar a mako, da saurin da zai iya magana amma ya kasa rera waƙa. Sai mu riƙa ƙara minti 5 kowane mako. A mako na uku ake shigo da ƙarfafa tsoka, kwana uku a mako: tashi da zama daga kujera, tura bango da hannuwa, hawa matakala, kowanne sau 10 zuwa 12, zagaye biyu.

Gudu kuwa ina jinkirta shi, don gwiwa ce ke ɗaukar nauyin. Idan matashi mai ƙiba ya fara ɗingishi da ciwon ƙugu ko gwiwa, a tsaya a ga likita, domin kan ƙashin cinya na iya zamewa a shekarun girma.

Inda aka fi yin tufka da warwara shi ne lemon kwalba bayan zufa. Sukarin furuktos da ke ciki hanta ce ke sarrafa yawancinsa, kuma kitse take mayar da rararsa. Ruwa ya isa. Zama da yunwa don a rame da gaggawa ma yana iya tsananta matsalar hantar.

Yanzu faɗin ciki nake aunawa da tef sau ɗaya a wata, sai gwajin jini na ALT, mai nuna ko hanta na samun lahani, bayan wata uku zuwa shida. Kada a ɗebi jinin washegarin atisaye mai tsanani, don tsokar da ta wahala tana ɗaga sakamakon. A bar kwanaki kaɗan tukuna.