Sifili uku da aka yanke min albashi a kansu

Ƙarshen watan nan na bar shagon da muke haɗa inbata da na'urar cajin sola a nan Kano, kuma tunda yaran da na bari a can kullum sai sun kira ni suna tambayar lissafin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar nan da muke sawa a bod, na ce bari in rubuta kowa ya gani, har da abin da ya faru tsakanina da oga, don wallahi har yanzu yana ci min rai.

Lissafin ba wani abu ba ne. Henri (H) shi ne ma'aunin ƙarfin koyil. Henri ɗaya milihenri (mH) 1,000 ne, mili ɗaya maikuro (µH ko uH) 1,000, maikuro ɗaya nano (nH) 1,000. In za ka sauka ka ninka da dubu, in za ka hau ka raba. To 0.047 mH da 47 µH da 47,000 nH duk koyil ɗaya ake nufi. Shafukan intanet masu juya lissafi za su jero maka tun daga atohenri har eksahenri, sifili 36 tsakaninsu, amma a kan tebur ɗinmu nano zuwa henri kawai muke taɓawa, ni dai ban taɓa riƙe koyil na kilohenri a hannuna ba.

Bod ɗin da na zana na rage wuta ne daga batir, yana aiki a 150 kHz, wato yana kunna wuta da kashewa sau 150,000 a daƙiƙa, koyil 47 µH yake so, mai ɗaukar amfiya 3. Oga ne ya tura oda ta WhatsApp wajen dattijon da ke mana naɗi, ya rubuta 47mH. Da na gani a wayarsa na matsa kusa, a hankali ma na yi magana don kar yara su ji, na ce oga wannan m ɗin u ya kamata ya zama, bambancin ninki dubu ne. Sai ya ɗaga murya gaban kowa wai tun kafin a sa ni firamare yake naɗa tiransifoma, in bar kawo masa iyayin masu difloma. Kuma gaskiya ne ya iya tiransifoma, ba zan tauye masa wannan ba. Sai dai shi duk rayuwarsa a wutar gida mai 50 Hz ya yi ta, inda naɗin tiransifoma yake kai henri da yawa, don haka a kunnensa 47 mili ma ƙaramin abu ne.

Abin da mutane ba sa lura da shi, ƙarfin koyil ba ya tafiya daidai da yawan zagayen waya, in ka ninka zagaye sau 2 ƙarfin sau 4 yake ƙaruwa. Don ka samu ninki 1,000 a zobe iri ɗaya, wato zoben da ake naɗa wayar a kai, kana buƙatar zagaye wajen sau 32. Inda zagaye 20 na waya mai kauri zai isa, sai ka yi sama da 630, kuma ramin zoben ba zai ɗauka ba sai da waya siririya kamar gashi. Haka baba mai naɗin ya yi, ya bi abin da aka rubuta masa, aikinsa tsaf babu zagaye ɗaya da ya hau kan wani, na tausaya masa don na san idonsa ya sha wahala. Muka ɗora a bod, aka jona lodi, wuta ta faɗi ƙasa, koyil ya yi zafin da ba ya taɓuwa, warin ƙonannen fentin waya ya cika shago.

Sai laifi ya dawo kaina. Wai ni na zana, ni ya kamata in tabbatar. Na ce ga saƙon nan a wayarka oga, ya ce ai da na san gaskiya ce da na dage. Kuɗin waya da na naɗi duk a albashina aka cire, gaban yaran da suka ji lokacin da ya ɗaga min murya a kai, babu wanda ya iya cewa uffan kuma ban ga laifinsu ba, kowa abincinsa yake karewa.

Ku da kuka rage, in wayarku ba ta da µ ku rubuta uH, ko ku rubuta maikuro ɓaro-ɓaro. Babban M mega ne, ƙaramin m mili, tsakaninsu biliyan ɗaya. Ƙananan koyil na kan bod in kun ga 470 to 47 µH ne ba 470 ba, lambar ƙarshe yawan sifili take faɗa, 101 ɗari ne, 4R7 kuma 4.7. Ku duba ma'aunin da mita take kai kafin ku karanta, yawancin mitoci masu araha ma ba sa auna koyil sam, sai mitar LCR, wadda aka yi ta don auna irin su koyil. Masu gyaran waya da rediyo kuma ku rage tsawon ƙafar waya da kuke bari a jikin kayan bod, waya mai tsawon milimita ɗaya tana kai kusan 1 nH.

Sabon wurin da zan fara, ni ne zan riƙa sa hannu a kan duk odar koyil. Kuɗin da aka yanke min kuwa ban ce na yafe ba, na bar shi da Allah.