Rajistar ma'aikata a sabar ofis, yadda muke haɗa ta a Garwa

Mu dai aikinmu haɗa kwamfutoci ne a ƙananan ofisoshi nan Garwa ta Kamaru, makarantun kuɗi da masu motocin dakon auduga, wani lokaci har Marwa ake kiranmu, ni da yarana biyu. Kusan duk inda muka shiga matsalar ɗaya ce, kowane ma'aikaci yana da kalmar sirri ta imel daban, ta Nextcloud (manhajar ajiye fayiloli) daban, ta shiga kwamfuta daban, ƙarshe sai ka ga an rubuta su a takarda an manna jikin allo.

Shi ya sa muke sa musu OpenLDAP a wata 'yar saba cikin ofis ɗin, kyauta ce ba kuɗin lasisi, tun 1998 take. Rajista ce kawai, sunan mutum, imel ɗinsa, lambar waya, sashen da yake, sai kalmar sirri wadda ake juyawa ta yadda ko ni ban iya karanta ta. In akawu zai shiga Nextcloud ko ONLYOFFICE (manhajar rubuta takardu), manhajar ba ta riƙe kalmar sirrinsa ba, sai ta tambayi sabar, sabar ta ce e ko a'a. Wajen tambayar sabar muna bi ta ƙofa 636 mai kulle, ta 389 in ba a ƙara mata TLS (kullen da ke ɓoye saƙo) ba komai a fili yake wucewa. Ofis da duk Windows ne kuwa manhajar Samba 4 muke sawa, tun 2012 take iya aikin Active Directory, wato irin wannan rajista ta Microsoft.

Inda masu gida ke jin daɗin abin shi ne ranar sallamar ma'aikaci. Wani Alhaji ya kira ni wai direbansa ya tafi da rigima, na ce ranka ya daɗe ba komai, na rufe sunansa wuri guda, ko'ina ya rufe.

Amma fa masu gida kan ɗauka takardunsu ma suna cikin rajistar, a'a, fayil yana can Nextcloud, kowanne da ajiyarsa. Kuma in sabar ta kwanta ba mai shiga ko'ina, ga zafin Maris da Afrilu ya wuce 40, ga ƙura, ga ɗaukewar wuta in ruwan madatsar Lagdo mai ba da wuta ya ja baya. Don haka ban karɓar aiki sai an yarda da kuɗin batir da fanka, duk dare kuma slapcat, wata 'yar manhaja ta OpenLDAP, na fitar da kwafin rajistar, ranar Juma'a a zuba a filas mai gida ya tafi da shi gida.