Kwalabe shida da muka sa a firji

Aikina sa ido kan cututtuka ne a wata ƙaramar hukuma da ke bakin iyaka. Duk Litinin nakan tattara adadin waɗanda suka zo asibitocinmu da ƙyanda, amai da gudawa ko sanƙarau, in tura gaba.

A farkon 2017, ƙurar hunturu ba ta gama kwantawa ba, wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni. Ta ce, "Malam, yara uku ke nan tun jiya. Zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare, ɗayansu ko haske ba ya son gani." Na ce mata, "Hajiya, ai an yi musu allurar sanƙarau." Har yau amsar nan tana ci mini rai.

Ba ƙarya na yi ba. Daga 2011 zuwa 2014 an bi jihohin Arewa ana yi wa masu shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac mai kariya daga sanƙarau nau'in A, wadda aka fara da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010. Ta yi aiki ƙwarai. Nau'in A, wanda ya haddasa annobar 1996 da ta kama fiye da mutum 250,000 ta kashe kimanin 25,000 a zirin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, ya zama sai labari. Nasarar ce ta sa muka saki jiki. Sanƙarau ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya zo mana nau'in C ne, wanda ya addabi Nijar a 2015 ya kuma ɓulla a Zamfara a ƙarshen 2016. Allurar da muke taƙama da ita ba ta kare kowa daga gare shi.

A nan na koyi yadda ƙa'idar take a aikace. Idan masu cutar suka kai goma cikin mutum 100,000 a mako guda, an shiga annoba. To amma ba a ɗebo rigakafi daga rumbun gaggawa na duniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta ke kula da shi, sai ɗakin gwaji ya tabbatar da nau'in ƙwayar. Ban ga laifin wannan sharaɗi ba, don allurar ba ta da yawa, kuma aika wadda ba ta dace ba asara ce biyu. Sai dai nauyin duka ya koma kan abu guda: ruwan ƙashin bayan maras lafiya ya isa ɗakin gwaji da ƙwayar a raye.

Likitanmu ya ɗebi na yara shida, muka zuba a kwalaben da aka tanada. Mota sai washegari. Wani abokin aiki, da kyakkyawar niyya, ya jera su a firjin rigakafi, ni kuma na gani ban ce komai ba, don duk rayuwarmu ta aiki an horar da mu cewa sanyi ne ke kare kaya. Ƙwayar sanƙarau kuwa ba ta jure sanyi. Kwalbar takan zauna a firji ne kafin a zuba ruwan, bayan an zuba ba ta komawa. Sakamako ya dawo ba abin da ya tsiro. Muka sake daga farko, muna ba marasa lafiya allurar kashe ƙwayar cuta, muna ƙirga kwanaki, tabarmi na ƙaruwa a barandar asibiti.

Sai maganar iyaka. Da yawa cikin masu jinyarmu daga ƙetare suke zuwa, namu ma suna tsallakawa can. Rahotona yakan hau zuwa jiha, ya wuce tarayya, nasu ma ya bi tasa hanyar da Faransanci, alhali tsakanina da takwarana tafiyar babur ce. Ranar da muka haɗu muka karɓi lambar juna, ya ce mini su sun yi makonni suna ganin cutar. Tun daga lokacin ba na rufe rahoton mako ban kira shi ba.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, Y da X. Na yi murna sosai, amma na tuna irin murnar da ta sa na ba Hajiya waccan amsa. Akwai wasu ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau waɗanda ba sa cikin biyar ɗin. Shi ya sa duk Nuwamba, kafin iska ta juya, nake zagaya asibitoci in duba allurar ɗibar ruwa da ranar lalacewar kwalabe, in sake manna takarda a ƙofar kowane firji: samfurin sanƙarau ba ya shiga nan.