Yawon kallon fitilun Kirsimeti a Landan: lokaci da hanya

A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Wanda ya jira sai ƙarfe 7 ya fito zai tarar titi ya cika maƙil, ga sanyi ya sauka. Lokaci mafi kyau shi ne daga faɗuwar rana zuwa wajen ƙarfe 5, sama ba ta gama yin baƙi ba, fitilun kuma sun fito ras. A zaɓi Litinin zuwa Alhamis. Ranar Asabar kam sai mai haƙuri, musamman in da yara.

Mai son ya yi sallar Magariba kafin ya fara, babban masallacin Regent's Park yana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Baker Street. Daga can a miƙe kudu da ƙafa har Oxford Street.

Oxford Street ya fi suna, amma Regent Street ya fi kyau, kuma shi ya riga: tun 1954 ake ƙawata shi, Oxford ya biyo baya a 1959. Don haka kada a ɓata lokaci a Oxford. A isa mahaɗar Oxford Circus a karya kudu. Nan ne ake rataye manyan siffofi masu fukafukai a saman titi, kuma da yake titin ya lanƙwasa wajen ƙarshensa, daga kusa da Piccadilly Circus ake ganinsu jere reras in an waiwaya. Kafin a kai can, a ratsa hagu a leƙa Carnaby Street. Ɗan siririn titi ne, mota ba ta shiga, ado kuma yana kusa da kai.

Daga Piccadilly a bi ta Leicester Square zuwa kasuwar Covent Garden, sannan a gangara Trafalgar Square. Itacen Kirsimetin da ke tsaye a dandalin kyauta ce daga birnin Oslo na ƙasar Norway, ana aiko shi duk shekara tun 1947 don godiya ga taimakon Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. Fitilunsa a tsaye ake jera su daga sama zuwa ƙasa, yadda mutanen Norway suke yi. Sai farkon Disamba ake kunna shi, alhali na tituna tun Nuwamba suke ci, wanda ya zo da wuri ba zai same shi ba. Tafiyar duka ba ta wuce awa biyu ko da tsaye-tsaye.

Abin da ya fi ɓata wa mutane yawon nan shi ne rashin shigar da ta dace da sanyi. Sanyin da ɗanshi yake, ba irin na hunturunmu ba, kuma ta ƙafa da yatsu yake kama mutum. Riguna uku marasa kauri sun fi babba guda ɗaya, a haɗa da safar hannu da takalmin da ruwa ba ya ratsawa. Sanyi yana cinye batirin waya da sauri, a ajiye ta a aljihun ciki. Hakan ma ya fi tsaro, don masu fizgen waya a kan keke suna aiki a wannan yanki.

In hoto ya fito fari fat, wayar ce ta ƙara haske saboda duhun sama. A taɓa fitilar a kan allo, a ja hasken ƙasa, a goge gilashin kyamara daga hazon numfashi.

Masu keken ɗaukar fasinja da ke kiɗa a bakin titi, a gama ciniki da su kafin a hau, kuɗin tafiyar gaba ɗaya, ba na minti ba. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai katin sufuri na Oyster ko katin banki na taɓawa. Tashar Oxford Circus kuma akan rufe ƙofarta na ɗan lokaci in cunkoso ya yi yawa, gara a koma gida ta tashar Charing Cross ko ta Embankment. Ranar 25 ga Disamba kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas duk ba sa aiki.