Godiya ga waɗanda suka sauke mu a hanyar Abalak

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki.

Mun dawo Tawa lafiya, kuma ƙanenmu da kububuwa ta sara an sallame shi daga asibiti, kumburin hannun yana ta saɓewa. Alhamdu lillahi. Tun da labarin ya bazu wayata ba ta huta ba, daga Yamai, daga Ƙonni, daga Madawa, har da ƴan'uwa mazauna Abijan. Ba zan iya bin kowa gida gida ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Ga waɗanda ba su san abin da ya kai mu daji ba: mu malaman kimiyyar halittu ne da wasu ɗalibai da suka zo daga Yamai. Macizai muke nema, mu ɗauki hotonsu, mu rubuta inda muka gan su, mu bar su su kama gabansu. Duk ƙauyen da muka shiga sai yara su ce ga gardawa sun zo. Mu ba gardawa ba ne, ba mu sha komai ba, sanda mai ƙugiya da tocila da dogayen takalma su ne iyakar asirinmu. Mun zaɓi ƙarshen damina, lokacin da ake girbin hatsi, saboda dare bai yi sanyi ba tukuna. In hunturu ya shigo sosai sai su shige ramuka, ka kwana kana yawo ba ka ga ko ɗaya ba.

Godiyata ta farko ga Kawu take, tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar yuraniyom, tsakanin Tawa da Agadas da Arlit. Shi ya raba mana gardamar masauki. Wasunmu sun so mu kama otel a cikin Tawa, ga ruwan wanka ga sanyin na'ura, mu riƙa fita muna dawowa. To amma aikinmu bayan magariba yake farawa, sai tsakar dare ake tashi, kuma daga Tawa zuwa Abalak kimanin kilomita 135 ne. Wanda ya san hanyar nan ba zai so ya bi ta da dare yana gyangyaɗi ba. Samarin kuwa tanti suke so, a nausa can arewa wajen Cintabaradan a kwana cikin rairayi. Da ƙyar aka tuna musu cewa Tasara da Tiliya suna cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma ba wanda ya manta da kisan gillar da ƴan bindiga suka yi a Tiliya a 2021.

Kawu ya bari kowa ya gama, sannan ya ce: "Yarana, in abu ya same ku da ƙarfe biyu na dare, minti nawa ne tsakaninku da allura?" Shiru. Ya ce kada mu nemi ɗaki sai mun fara zuwa gidan likita mun tambaya ko suna da maganin dafin maciji a hannu, ba takardar da za a rubuta a ce je ka birni ka saya ba, kuma ko akwai mai kwana a bakin aiki. Inda aka ce akwai, a nan kusa za a nemi wurin kwana, a garin da ke bakin kwalta, mai rezo. Haka aka yi. Kawu, Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Sai Baba mai gari, wanda ya karɓe mu ba tare da ya san ko ɗayanmu ba. Akwai wani ɗaki mai inuwa da ya ba mu sha'awa, ya ce a'a, wannan yana jingine da rumbu, inda hatsi yake nan ɓera yake, inda ɓera yake kuwa ba sai an gaya wa masu neman maciji abin da ke biyo shi ba. Ya ba mu na kusa da zaure, mai ƙofarsa daban, don in mun dawo cikin dare kada mu tada matan gida. Kafin la'asar ya sa samari sun kwashe tarin itace da tsofaffin tubala daga bakin ƙofar, an share wurin tas, yadda ko ƙadangare ya gitta za a ga sawunsa da safe. Aka kawo gadajen icce masu tsayi, ya tsaya da kansa ya ga kowa ya cusa bakin sangensa a ƙarƙashin tabarma, ya ce takalma a rataye su, kuma a kakkaɓe kafin a sa ƙafa saboda kunama. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a shigo masa gida da maciji mai rai, ko a buhu ko a kwalba. Mun cika masa. Inna kuma, uwargidansa, duk sanda muka dawo sai mu tarar da ƙwaryar fura a rufe da faifai, komai dare. Da muka yi maganar biya sai da ranta ya ɓaci.

Jandarmomi da ma'aikatan gandun daji, mun gode da kuka duba takardunmu kuka kuma faɗa mana iyakar inda za mu tsaya.

Ɗan'uwanmu Buzu makiyayi da ya yi mana jagora, ban san da bakin da zan gode masa ba. Shi ya nuna mana macijin nan mai ƙaho na cikin rairayi. Da asuba ya tsaya a gindin wani tudu yana nuna wasu gajerun layuka a karkace, kowanne daban, ba su haɗu da juna ba. Ya ce wannan ba ya jan ciki kamar sauran, gefe gefe yake jefa jikinsa. Muka bi sawun har inda ya ɓace a ƙarƙashin wata tumfafiya. Mu dai rairayi muke gani. Ya sa tsinin sandarsa ya zagaye wani wuri da bai fi faɗin faranti ba, sai ga idanu biyu da ƙananan ƙahoni biyu, sauran jikin duk a binne. Ɗalibai sun karanta wannan a littafi, amma ranar kowa ya yi tsit. Ya ƙara da cewa ba duka ne ke da ƙahon ba, kada rashinsa ya ruɗe mu.

Saran ya faru ne a bakin wani kwazazzabo mai duwatsu. Murfin kyamarar ƙanen namu ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka. Mun ji ƙarar da kububuwa take yi in ta goga ɓawon jikinta, kamar an ɗiga ruwa a kaskon suya, amma kafin wani ya buɗe baki ta riga ta same shi a bayan hannu. Ƴar ƙarama ce, ba ta kai kamu ɗaya da rabi ba. Aka cire masa zobe da agogo tun kumburi bai kama ba, aka ɗaura hannun a sanda don kada ya riƙa motsi, ɗaya daga cikinmu ya ɗauki hotonta, muka kama hanya. Mutanen kirki da muka tarar a bakin gari sun ba da shawara iri iri, wani ya ce a ɗaure damtse tamau, wani ya ce a tsaga, wani ya kawo baƙin dutse. Mun san don ƙauna suka yi, mun gode, amma ba ɗaya daga ciki da ke fitar da dafi, ɗaurin da tsagar ma ƙara ɓarna suke yi. Cikin ƙasa da rabin awa muna gidan likita.

Majo, kai da ƴar'uwarmu mai jinya da kuka kwana a tsaye, Allah ya saka muku da aljanna. Ina kallo ka ɗebi jininsa ka zuba a busasshiyar kwalbar gilas, ka ajiye, ka duba agogo. Bayan minti 20 ka karkata ta, jinin ya gangaro kamar ba a ajiye shi ba. A lokacin dasashinsa ya fara tsattsafo jini. Haka dafin kububuwa yake, hana jini daskarewa yake yi, mutum yana zaune yana hira alhali yana zuba ta ciki, shi ya sa mutanen karkara suke tsoronta fiye da kasa da kumurci. Ka sa masa maganin ta jijiya, ka zauna kusa kana lura ko jikinsa zai ƙi shi. Bayan awa shida ka sake gwadawa, ka kifa kwalbar, jinin ya tsaya cak. Daga nan ka rubuta mana takardar wucewa Tawa saboda kumburin.

Na ji masu cewa mu muka je muka tsokano. Ban musa ba, da ƙafarmu muka je. Sai dai waɗanda maciji ya fi sara ba irinmu ba ne, manomi ne da ke ɗaurin dami, da yaro mai kiwo da silifas, da matar da ta je itace. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma sanin wane maciji ne ke wane yanki yana cikin abin da ke sa a kai maganin da ya dace inda ya dace.

Hajiya, mahaifiyar yaron, da na kira ki murya na rawa, ke ce kika koma kina ba ni haƙuri. Na gode. Abokan aiki da tsofaffin ɗalibai da suka haɗa kuɗi kafin gari ya waye, da samarin da suka zo asibiti suka ce a ɗebi jininsu ko da za a buƙata, Allah ya bar zumunci. Wanda ban ambata ba ya yafe mini.

Yaron yana gidan gwaggonsa a nan Tawa. Masu son dubiya su bari sai bayan la'asar, likita ya ce ya huta. Kuɗin gudummawa sun yi saura, kuma mun yi shawara da iyayensa za a sayi maganin dafin da su a kai gidan likitan nan madadin wanda aka yi masa amfani da shi. Wanda ya ba da nasa kuma bai amince da haka ba ya kira ni kafin Juma'a.